Kundin horo: wata uku muna ƙirga kurakuranmu

Litinin, 13 ga Janairu

Yau muka fara. Injiniyoyin manhaja bakwai ne, ni na takwas, kuma na yi musu alkawarin duk aikin da na ba su ni ma zan yi irinsa. Shugaban sashe ya yarda a bar musu rana ɗaya a mako har wata uku, ba taro, ba "ɗan zo ka duba mana wannan". Za mu ga ko maganar za ta kai mako uku.

Abin da za mu koya shi ne tsarin Watts Humphrey mai suna Personal Software Process, PSP a taƙaice. Na fara da tarihin mutumin don kada su zaci wani malamin aji ne da bai taɓa ɗanɗana zafin aiki ba. Shekara 27 ya yi a kamfanin kwamfuta na IBM, sannan a 1986 ya koma Cibiyar Injiniyancin Manhaja ta Jami'ar Carnegie Mellon, wadda Ma'aikatar Tsaron Amurka ke ɗaukar nauyinta. A can aka gina CMM, ma'aunin nan mai hawa biyar da aka riƙa gwada ƙwarin tsarin aikin kamfani da shi. Sai dai CMM daga sama yake kallo. Yana gaya wa shugabanni abin da ya kamata a samu, amma bai gaya wa mai zama gaban kwamfuta yadda zai yi da wuninsa ba. Humphrey ya haura shekara sittin lokacin da ya zauna ya rubuta furogiram fiye da 60 da hannunsa, yana rubuta mintin da kowane mataki ya ci da kowane kuskuren da ya tafka. Daga nan littafinsa na 1995, A Discipline for Software Engineering, ya fito. Mu littafinsa na 2005 za mu bi, mai atisaye takwas maimakon goma.

Matakin farko, PSP0, bai nemi kowa ya canza salon aikinsa ba. Ka yi yadda ka saba, amma ka riƙe rajista biyu: ta lokaci da ta kurakurai. Aikin a kasa shi shida: shiri, zayyana, rubuta kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta), haɗawa da kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura), gwaji, sai waiwaye a ƙarshe. Atisaye na ɗaya ƙarami ne, a lissafa matsakaicin wasu lambobi da ma'aunin warwatsuwarsu. Kowa ya yi murmushi. Na ce kafin a taɓa madannai kowa ya rubuta minti nawa yake zaton zai ci.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ba wanda ƙiyasinsa ya faɗa daidai, kuma mutum ɗaya ne kawai ya gama ƙasa da abin da ya rubuta. Ni na rubuta awa ɗaya, na ci kusan biyu. Karanta lambobi daga fayil ne ya cinye min lokaci, abin da ban ma sa shi a lissafi ba.

Gardamar da ta taso ta fi sakamakon amfani. Babban cikinsu, wanda ya girme ni a aikin, ya ce: "Malam, wannan mataki na kwamfaila ai na zamanin da ne. Ni tun ina rubutu editan ke ja min jan layi, in gyara in wuce. Me zan rubuta?" Yana da gaskiya. Lokacin da aka tsara PSP mutum kan gama rubutu ne sannan ya miƙa wa kwamfaila ya jira hukunci. Mun yi matsaya haka: saɓanin yatsa da aka gyara nan take ba a rubuta shi, amma duk abin da ya tsira har mutum ya ce a ransa "na gama wannan sashe", to ya zama kuskure, a shigar da shi. Ko matsayar ta yi daidai ko ba ta yi ba, abin da nake so shi ne kowa ya tsaya a kan ƙa'ida ɗaya daga atisaye na ɗaya har na takwas, in ba haka ba kwatanci ya lalace.

Juma'a, 24 ga Janairu

Rajistar kurakurai tana neman abu biyar a kan kowane kuskure: irinsa, matakin da aka shuka shi, matakin da aka cire shi, mintin da gyaransa ya ci, da ɗan bayani. Iri goma Humphrey ya jera, daga na bayanin rubutu da na nahawun yaren kwamfuta, zuwa na sanya ƙima, na mahaɗa tsakanin sassa, na rashin tantance abin da aka shigar, na bayanai, na aikin lissafin kansa, har zuwa na muhallin aiki. Mun ɓata rabin awa a kan ko manta duba fayil maras komai kuskuren tantancewa ne ko na zayyana. Na nuna musu cewa tambayoyi biyu suka cakuɗa: irin kuskuren tantancewa ne, matakin shuka shi kuma zayyana.

Gurbin "ina aka shuka shi" shi ne mai ciwo. Mutum ya saba cewa "na sami matsala a gwaji", kamar tsintuwa ya yi a hanya. Rajistar kuwa tilasta shi take ya rubuta cewa shi ne ya ajiye ta da hannunsa awa biyu da suka wuce.

Mun hau PSP0.1: ƙa'idar rubuta kod, ƙa'idar ƙirga layuka, da takardar shawarar gyaran tsari, inda kowa ke rubuta abin da ya dame shi a hanyar aikinsa da yadda yake ganin za a gyara. Atisaye na biyu furogiram ne mai ƙirga layukan kod. An yi ta ƙorafin cewa yawan layi ba ya nuna ƙwazo. Na amsa cewa ba ƙwazo ake aunawa ba. Girma ake aunawa, kuma na mutum ɗaya a yare ɗaya da salo ɗaya, don a ga ko girman abin da ya rubuta yana tafiya da lokacin da ya ci. Layin wani ba a ɗora shi a sikeli ɗaya da na wani.

Wata tambaya da littafin bai hango ba: kod ɗin da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta wa mutum, sabo ne ko na aro? A atisaye dai na hana amfani da ita gaba ɗaya. A aikin gaske sai mun sake zama.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ranar horo ta tafi. Wata manhaja da ke hannun masu amfani ta tsaya, aka kwashe min mutum huɗu. Mako uku cif alkawarin ya yi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ina duba rajistar lokaci jiya da dare sai wani abu ya ja hankalina a ta ɗaya daga cikin samarin. Duk lokutansa da sifili ko biyar suke ƙarewa. Farawa ƙarfe goma daidai, tsayawa goma da rabi daidai, kuma gurbin katsewa fayau, ba ko minti ɗaya. Wanda ke zaune a ofishi mai mutum ashirin ba zai yi awa uku ba wanda ya yi masa magana ba.

Na kira shi gefe. Bai yi musu ba. Ya ce da yamma yake cike takardar daga abin da ya tuna, don tsayawa rubuta lokaci yana yanke masa tunani. Na ce na ji, amma abin da ya miƙo min ƙiyasi ne na biyu da aka sa wa rigar awo, kuma mako mai zuwa a kan waɗannan lambobi zai gina hasashensa. Sai ya ce, "To Malam, kai fa?" Na buɗe tawa a gabansa. A atisaye na biyu akwai wajen da na manta agogo yana tafiya na fita, na dawo na rage "kamar minti ashirin" da ka. Laifi tudu ne.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1998 Philip Johnson da Anne Disney na Jami'ar Hawai sun bi takardun PSP na ɗalibai goma ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da kurakurai sama da dubu a cikin bayanan kansu: lissafin da aka yi ba daidai ba, gurbin da aka bari, lambar da aka kwafa daga wannan takarda zuwa waccan ta canza. Wannan ya sa na daina taurin kai a kan takarda da alƙalami. Daga yau mun koma Process Dashboard, manhajar kyauta mai agogo a gefen allo, wadda ke yin lissafin da kanta. Ta rage wahalar kwafi da haɗa jimla. Danna maɓallin tsayawa idan waya ta yi ƙara kuwa har yanzu aikin mutum ne.

Wani abu da rajistar masu gaskiya ta fito da shi: awannin da ake yi a kan ainihin aikin ba su kai rabin na zaman ofis ba. Ƙaramar cikinsu ta tsorata, ta ce ko ita ce malalaciya. Na nuna mata tawa, ba ta fi tata ba. Taro, amsa saƙo, taimakon abokin aiki, jiran a ba da izini, duk suna cin nasu. Illar tana wajen tsara jadawali: wanda ya ɗauka yana da awa arba'in a mako ya yi alkawari a kan lokacin da ba shi da shi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

PSP1, ƙiyasin girma da hanyar PROBE. Nan ne na ga idanu sun fara buɗewa, don haka zan ɗan tsawaita.

Ba wanda zai iya kallon buƙatar da aka rubuta da kalmomi ya ce layi kaza za ta ci. Amma yana iya zana aikin a taƙaice ya ce zai buƙaci sassa kaza: ɗaya na karanta bayanai, biyu na lissafi, ɗaya na fitar da sakamako. Waɗannan sassa su ne wakilan girman. Kowane sashe sai ya ba shi iri, ya kuma ba shi matsayi cikin biyar: ƙarami ƙwarai, ƙarami, matsakaici, babba, babba ƙwarai. Layi nawa ne "matsakaicin sashen lissafi"? Ba littafi ne zai faɗa ba, tsofaffin furogiram ɗin mutumin ne. Atisaye na huɗu ma aikinsa ke nan, gina wannan teburi daga tarihin mai shi.

Bayan an haɗa jimla sai a gyara ta da tarihi. A ɗora abin da mutum ya ƙiyasta a baya a gefe guda, abin da ya auku a ɗaya gefen, a ja layin da ya fi dacewa da ɗigogin. Idan ɗabi'arsa ce ya riƙa rage kashi ɗaya cikin uku, layin zai mayar masa da shi ko bai so ba. Amma akwai sharaɗi: aƙalla ayyuka uku na baya, kuma dangantakar lambobin ta yi ƙarfi, murabba'inta ya kai 0.5. In ba ta kai ba sai a sauka zuwa hanya mai sauƙi ta kwatanta jimla da jimla, in babu tarihi ko kaɗan a koma ga hukuncin kai. Hanyoyi huɗu ne, daga A zuwa D: A da B na jan layi ne, C ta kwatanta jimla, D ta hukuncin kai. A ƙarshe ba lamba ɗaya ake bayarwa ba, tazara ce, wadda ake sa ran kashi 70 cikin ɗari na lokuta gaskiya za ta faɗo cikinta.

Saurayin nan mai lokutan sifili da biyar, ɗigoginsa sun watse kamar an zubar da tsaba, hanyar A ta ƙi shi. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Ra'ayina dai, da ɗigo uku ko huɗu wannan lissafi ya fi kama da atisayen hannu fiye da hasashe. Tazarar da ke fitowa tana da faɗin da ba za a iya kai wa wani shugaba ba. Amfaninsa na yanzu shi ne mutum ya ga, a zane, gefen da yake karkata.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Shugaban sashe ya kira ni. Ya ji labarin muna da lissafin kurakuran kowa, kuma lokacin duba ƙwazon ma'aikata ya matso. Yana son teburi ɗaya: suna, layuka a awa, kurakurai a layi dubu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zan iya bayarwa ba." Na yi masa bayani yadda na iya. Rajistar nan da hannun mai ita ake cike ta, ba mai gadi a kansa. Ranar da aka ji an rage wa wani matsayi saboda ya rubuta kuskure goma sha biyu, washegari kowa kuskure biyu zai rubuta, kuma wanda ya fi kowa gaskiya shi zai fi kowa muni a teburin. Layuka a awa kuwa, mai son ya ninka su zai ninka su kafin la'asar ba tare da ya ƙara komai ba. Humphrey da kansa ya nanata cewa bayanan na injiniyan ne, ba a auna ma'aikaci da su.

Bai ji daɗi ba. Ya ce shi ya ba da ranakun, yana da haƙƙin ya ga abin da suka haifar, kuma a nan ba zan ce bai da hujja ba. Muka rabu a kan zan kawo masa jimlar ƙungiya ba suna, a ƙarshen horo. Na dawo na faɗa wa mutanena duk yadda muka yi, don na san labarin zai iso musu ta wata hanya, kuma gara su ji daga bakina.

Talata, 11 ga Maris

PSP1.1 mun wuce shi da sauri: jera ayyuka, raba su a makonni, da ƙa'idar cewa aiki ba ya samun maki sai an gama shi ɗungurum. "Saura kaɗan" sifili ne.

Yau PSP2, bitar kai. Tushenta binciken kod na ƙungiya da Michael Fagan ya tsara a IBM ya wallafa a 1976, sai dai nan mutum shi kaɗai ne da abin da ya rubuta, kafin kwamfaila ko gwaji su gani. Kowa ya buɗe rajistarsa ta atisaye biyar, ya tattara kurakuran iri iri, ya fitar da waɗanda suka fi maimaituwa ko suka fi cin lokaci, ya mayar da su jerin dubawa. Na hana kwafo jerin wani daga intanet. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nawa jerin ya ba ni kunya don gajartarsa. Abu uku ne ke ta dawowa: madauki (umarnin da ake ta maimaitawa) da ke wuce iyaka da ɗaya, raba lamba ba tare da duba sifili ba, da canza sunan abu a wuri ɗaya in manta ɗayan. Shekara da shekaru ina ɗaukar kowannensu a matsayin tsautsayin ranar.

Yadda ake bitar: a buga kod ɗin a takarda in da hali, a ɗan tashi a sha iska, a dawo a ɗauki abu ɗaya daga jerin a bi kod ɗin tun daga sama har ƙasa ana nemansa shi kaɗai, a sa alama, a ɗauki na gaba. Kada gudu ya wuce layi 200 a awa. Babban namu ya ce wannan ɓata lokaci ne, abin da kwamfuta za ta gano cikin daƙiƙa me ya sa zai zauna yana nema da ido? Na ce gwaji alama yake nunawa, daga nan sai an bi sawu a gano inda cutar take, bita kuwa a kan cutar kanta ido ke sauka. Na ce kada ya yarda da ni, ya duba gurbin mintin gyara a rajistarsa, ya kwatanta abin da ya kama da wuri da abin da ya kama a gwaji.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya duba. Ya zo da kwamfutarsa ya ajiye min a tebur ba sallamar kirki. Kusan duk lokacin gyaransa na atisaye biyar kurakurai uku ne suka cinye shi, duka a gwaji aka kama su, duka a zayyana aka shuka su, matakin da yake ba minti biyar don a cewarsa "abin yana kaina". A atisaye na shida ya yi bitar, ya kama biyu kafin ya kunna komai. Ɗaya ya tsere masa har gwaji, kuma wannan ɗin ne ya fi ba shi haushi, ya ƙara layi a jerinsa.

Ba kowa ne ya ga haka ba. Mutum biyu sun yi bitar ba su kama komai ba. Da na raba layukansu da mintocinsu sai na ga sun yi gudun da ya ninka ƙa'ida sau uku. Karantawa suka yi, ba nema ba.

Laraba, 26 ga Maris

Mun rasa mutum ɗaya. An mayar da shi wani aiki mai gaggawa, kuma ya gaya min gaskiya cewa ko ba haka ba ya gaji da cike gurabe. Ban riƙe shi ba. Saura shida.

PSP2.1 ya kawo takardun zayyana huɗu: yadda mai amfani zai yi mu'amala da furogiram, abin da kowane sashe ke karɓa da bayarwa, halayen da furogiram ke shiga da abin da ke fitar da shi daga wannan zuwa wancan, sai matakan lissafin. Ga atisaye mai layi ɗari da ɗoriya wannan kaya ya yi nauyi, kuma na faɗa musu haka. Ta halaye ce kaɗai na ga ta biya kuɗin sabulu nan take: ƙaramar tamu ta zana teburin, ta ga akwai halin da in an shiga ba hanyar fita, tun ba ta rubuta layi ɗaya ba.

Na ba su ma'aunan da Humphrey ya ba da shawara su gwada kansu: lokacin zayyana kada ya gaza na rubuta kod, bitar kod ta kai rabin lokacin rubuta shi, lokacin bita gaba ɗaya ya ninka na kwamfaila da gwaji sau biyu. Ba wanda ya kai na ƙarshen. Ni ma ban kai ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

An miƙa atisaye na takwas, kowa ya rubuta rahoton waiwaye a kan bayanansa. Na haɗa jimlar da na yi wa shugaban sashe alkawari. Lokacin gwaji ya ragu a atisaye uku na ƙarshe, lokacin zayyana da bita ya ƙaru, jimlar lokacin kusan tana nan yadda take. Ƙiyasi ya daina karkata gefe ɗaya, amma har yanzu yana lilo. Na rubuta masa a fili cewa mutum shida da ƙananan atisaye takwas ba hujja ba ce a kan aikin gaske, kuma atisayen ƙarshe sun yi kama da juna, wataƙila sabo ma ya taimaka.

Abin da ke gabana shi ne ranar Litinin, lokacin da za su koma kan tsohuwar manhaja mai layi dubbai da ba su suka rubuta ba, da wa'adin da wani ya yanka ba da su ba. Humphrey ya ga yadda mutane ke sakin tsarin idan suka koma cikin ƙungiyar da ba ta yinsa, shi ya sa ya biyo da Team Software Process, inda ƙungiya ke tsara aikinta da kanta daga bayanan mambobinta. Ba mu da izinin wannan tukuna.

Na tambayi kowa abin da zai riƙe. Duka shida sun ce jerin dubawa. Huɗu sun ce rajistar kurakurai. Rajistar lokaci mutum biyu ne, ɗayansu saurayin nan mai sifili da biyar, wanda ya ce yana son ya ga hanyar A ta karɓe shi ko sau ɗaya. PROBE sai an sake gina teburin girma daga kod ɗin aiki, na ɗauki wannan a kaina, tare da maganar kod ɗin da na'ura ke rubutawa da muka ɗage tun Janairu. Mun sa zama na gaba ranar 7 ga Mayu, minti talatin, kowa ya zo da jerinsa da abin da ya ƙara ko ya goge a ciki.